Ƙiriniyar Ɗalibai da Almarar Gari: Waiwaye a Kan Sauyin da Kambirij Ta Gani

Duk garin da jami'a ta daɗe a cikinsa yakan mallaki tarihi iri biyu, wato wanda hukuma ta rubuta a kundinta, da wanda bakin mutane ya riƙe yana miƙa wa na baya. Garin Kambirij, wanda ke bakin kogin Cam a gabashin Ingila, kimanin kilomita 80 arewa da Landan, yana cikin wuraren da tarihi na biyun ya fi yalwa, domin jami'arsa ta samo asali tun shekarar 1209, kuma a yau ta ƙunshi kwalejoji 31, kowace da dukiyarta da dokokinta da labaran da take tinƙaho da su. Wannan tarihin baka ya kasu gida biyu. Akwai ƙiriniyar ɗalibai, wato aikin tsokana da aka shirya a asirce don a ba jama'a mamaki ko a kunyata masu iko ba tare da nufin sata ko cuta ba, sannan akwai almarar gari, wato labarin da ake jingina wa wani gini ko wani shahararren mutum, ana maimaita shi kamar gaskiya ko da babu hujjar da ta tabbatar da shi. Abin da waiwaye ke nunawa shi ne, abubuwa biyu ne suka haifi ƙiriniyar Kambirij, wato tsananin doka da yawan gata, kuma da waɗannan biyun suka ja baya sai ƙiriniyar ta tashi daga aiki ta koma labari, labarin kuma ya zama hajar da ake sayar wa baƙi.

Ba za a fahimci al'amarin ba sai an koma ga dangantakar da ke tsakanin 'yan gari da 'yan jami'a, wadda tun farkonta ba ta ginu a kan aminci ba. Malaman da suka fara zama a Kambirij gudowa suka yi daga Oksford bayan an rataye waɗansu 'yan'uwansu a kan zargin kisan wata mata, kuma a shekarar 1231 Sarki Henry na Uku ya ba su kariya, har da ikon hana masu gidaje tsawwala musu kuɗin haya. A lokacin boren talakawa na 1381, mutanen gari sun ƙone takardun jami'ar a kasuwa, amma sakamakon da ya biyo baya shi ne sarauta ta ƙara wa jami'ar iko a kan awo da sikeli da sayar da burodi da giya a cikin garin. Ta haka ɗalibi ya tashi da sanin cewa yana zaune a garin da hukumar makarantarsa ta fi hukumar garin ƙarfi, kuma laifin da ya aikata a titi sau da yawa malamansa ne za su hukunta shi, ba alƙalin gari ba.

Sai dai wannan gata ya zo tare da takunkumi mai tsanani. Kwaleji a tsarin Kambirij gida ce mai katanga da ƙofa da masu gadi, inda ɗalibi ke kwana da cin abinci a ƙarƙashin kulawar malaman da a da ake ɗauka a matsayin waliyyansa. A wancan zamani ana rufe ƙofa da dare, wanda ya makara a ci shi tara, wanda ya kwana a waje ba da izini ba kuma yana iya fuskantar kora, kuma an jera ƙarafa masu tsini da fasassun kwalabe a kan katangu don hana tsallake. A lokacin jami'ar tana da jami'an ladabtarwa da ke sintiri a tituna tare da dogarawansu, waɗanda ɗalibai suka yi wa laƙabi da sunan wani nau'in kare da ba ya sakin abin da ya kama, kuma har zuwa 1965 wajibi ne ɗalibi ya sa baƙar rigar jami'a idan zai fita bayan faɗuwar rana domin a gane shi daga nesa. Matashin da aka kulle a bayan katanga, ga lafiya, ga kaifin ƙwaƙwalwa, ga tabbacin cewa hukuncinsa ba zai yi tsanani ba, abin da zai fara koyo shi ne yadda ake hawan katangar.

Daga wannan larura ta tsallake ne hawan gine-gine da dare ya zama fasaha mai zaman kanta. A wajen shekarar 1900 Geoffrey Winthrop Young, wanda daga baya ya yi suna a hawan duwatsun Alps, ya fitar da ɗan littafin jagora a kan hawan rufin kwalejin Trinity, sannan a 1937 Noel Symington ya wallafa littafinsa a kan mahayan daren Kambirij a ƙarƙashin sunan aro, tare da hotunan samari a maƙale jikin bututun ruwa da hasumiyoyi. Mahayan suna da ƙa'idojin da suka gindaya wa kansu, waɗanda suka haɗa da kada a lalata gini, kada a bayyana suna, kuma a bar wata 'yar alama a ƙololuwa don gari ya waye a san an hau. Majami'ar kwalejin King's, wadda aka fara ginawa a 1446 aka kammala a 1515, ita ce babban burinsu, kamar yadda tsalle daga rufin kwalejin Gonville da Caius zuwa rufin zauren majalisar jami'a ya zama ma'aunin ƙarfin zuciya.

A kan wannan zauren ne, inda ake bikin ba da digiri, aka yi ƙiriniyar da ta fi kowace shahara. A wata safiyar watan Yuni na 1958 mutanen gari suka wayi gari da ganin ƙaramar mota ƙirar Austin Seven a zaune a kan rufinsa. Ɗaliban kwalejin Gonville da Caius ne suka yi aikin a ƙarƙashin jagorancin Peter Davey, ɗalibin injiniyanci, bayan sun cire wa motar inji don rage mata nauyi, suka haɗa na'urar ɗaga kaya da sandunan ƙarfen magina da igiyar waya, suka raba kansu ƙungiya-ƙungiya, waɗansu a ƙasa, waɗansu a rufi, waɗansu kuma suna ɗauke hankalin masu wucewa. Abin da suka ɗora a dare ɗaya ya ɗauki hukumomi kusan mako guda kafin su sauke shi, kuma ba su iya ba sai da suka yanyanka motar. Darajar wannan aiki ba ta tsaya ga ban dariya ba, domin ya ƙunshi lissafin nauyi da tsara ma'aikata da riƙe sirri, wato ainihin abin da ake koya wa injiniya, kuma waɗanda suka yi shi ba su fito fili gaba ɗaya ba sai a 2008, bayan shekaru 50. A 1963 waɗansu suka ɗora irin wannan mota a kan kwale-kwalen da aka ɗaure wuri guda, suka turo ta ta kogi, suka rataye ta a ƙarƙashin rufaffiyar gadar kwalejin St John's, aka kuma maimaita haka da wata mota mai ƙafa uku a 1968, ba tare da gadar ta sami lahani ba.

Akwai kuma ƙiriniyar da ta daɗe har ta zama ɓangaren ginin kansa. A saman babbar ƙofar Trinity akwai mutum-mutumin Sarki Henry na Takwas, wanda ya kafa kwalejin a 1546, kuma an shafe shekaru da dama yana riƙe da ƙafar kujera a hannunsa na dama a maimakon sandar mulki, hukumar kwalejin kuma ta bar ta a wurin. Haka nan ana tuna mawaƙi Lord Byron, wanda ya shiga Trinity a 1805, da cewa ya ajiye dabbar beyar saboda doka ta hana ajiye kare amma ba ta ambaci beyar ba. Irin wannan sassauci yana da kama da abin da ake gani a tashe a ƙasar Hausa, inda al'umma ke ware wa matasa fili a watan azumi su kwaikwayi manya su yi musu shaguɓe, kowa kuma ya san iyakar wasan. Bambancin shi ne filin tashe a buɗe yake ga ɗan kowa, na Kambirij kuwa an daɗe ana keɓe shi ga 'ya'yan masu hali.

Wannan bambanci shi ne abin da masu begen zamanin da sukan tsallake, alhali shi ne zuciyar lamarin. A watan Maris na 1905 Horace de Vere Cole da Adrian Stephen da abokansu suka shafa baƙin fenti a fuska, suka sa riguna da rawuna, suka aika wa magajin garin Kambirij wayar tangaraho cewa kawun Sarkin Zanzibar na tafe, aka tarbe su da girmamawa, aka zagaya da su kwalejoji, kuma da asiri ya tonu a jarida ba a kore su daga jami'a ba. A 1910 Cole ya maimaita dabarar a kan jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Dreadnought, inda tawagarsa, har da marubuciyar da duniya ta sani daga baya da suna Virginia Woolf, ta yi shigar 'ya'yan sarautar Habasha. An daɗe ana ba da waɗannan labarai a matsayin nasarar wayo a kan girman kan hukuma, kuma akwai gaskiya a cikin haka, amma dariyar ta ginu ne a kan mai da fatar Baafirke da tufafinsa da harshensa abin wasa, a daidai lokacin da Birtaniya ke danne ƙasashen Afirka da ƙarfin bindiga. Mai karatu na yau, musamman ɗan Afirka, yana da hurumin ya ƙi yin wannan dariya.

Lamarin ya fi muni idan aka dubi yadda aka yi wa mata. An kafa kwalejin Girton a 1869, Newnham kuma a 1871, kuma a 1890 Philippa Fawcett ta fi duk mazan ajinta maki a jarrabawar lissafi, amma jami'ar ba ta ba ta digiri ba. Lokacin da aka jefa ƙuri'a a 1897 a kan ba mata digiri, ɗalibai maza suka rataye mutum-mutumin mace a kan keke a gaban zauren majalisa, kuma da aka kayar da ƙudurin da ƙuri'a 1,713 a kan 662 sai suka yayyaga mutum-mutumin cikin murna. A 1921, bayan wata ƙuri'ar makamanciyar wannan, gungun ɗalibai suka farfasa ƙofar tagulla ta Newnham da amalanke. Sai a 1948 mata suka sami cikakken digiri a Kambirij, shekaru 28 bayan Oksford. A ɗaya gefen kuma, a wancan zamani jami'ar tana da gidan yarinta na tsare matan gari da jami'anta suka zarga da lalata ɗalibai, kuma shari'ar Daisy Hopkins, yarinya 'yar shekara 17 da aka kama a 1891, ita ce ta tayar da ƙurar da ta kai ga majalisar dokoki ta soke wannan iko a 1894. Ke nan a gari ɗaya, ana iya tsare 'yar talaka don an gan ta tana tafiya da ɗalibi, ɗalibin da ya yaudari magajin gari kuwa a ce ƙuruciya ce dangin hauka.

Almarar gari ta bi wata hanya dabam, domin ita ba ta bukatar kowa ya hau rufi, abin da take bukata kawai shi ne babban suna da abin da ido zai gani. Misali mafi bayyana shi ne gadar katako ta kwalejin Queens', wadda ake kira gadar lissafi saboda an jera miƙaƙƙun katakai ta yadda suka ba da siffar baka. Ana cewa Isaac Newton ne ya gina ta ba tare da ƙusa ko ɗaya ba, wai daga baya waɗansu suka kwance ta don su gano sirrinta, suka kasa mayar da ita sai da ƙusoshi. Gaskiyar ita ce Newton ya rasu a 1727, gadar kuwa an gina ta a 1749 bisa zanen William Etheridge, da hannun magini James Essex, aka sake gina ta a 1866 da 1905, kuma tun farko akwai ƙarfe a mahaɗanta. Almarar ta ƙwace aikin daga hannun masu sana'ar da suka yi shi ta miƙa wa wanda ya riga ya yi suna, wannan kuwa halin almara ne a ko'ina. Haka itacen tuffa da ke gaban Trinity, wanda baƙi da yawa ke ɗauka shi ne ya jefo wa Newton ɗan da ya sa shi tunanin ƙarfin da ke janyo abubuwa ƙasa, reshe ne da aka dasa a 1954 daga itacen gidansu da ke Woolsthorpe, inda ya koma a lokacin annobar 1665. A gadar kwalejin Clare, wadda aka kammala a 1640, akwai ƙwallayen dutse 14 da aka yanke wa ɗayansu wani ɓangare, kuma labarin da ake bayarwa shi ne magini ne ya rama ƙwarar da aka yi masa a wajen biya.

Zamani ma yana ƙirƙirar tasa almarar. Akwai al'adar zagaye babban filin Trinity da gudu, tazarar kimanin mita 340, kafin agogon kwalejin ya gama buga ƙarfe goma sha biyu, wanda ke ɗaukar daƙiƙa 40 da 'yan kai. Lord Burghley ne ya yi nasara a 1927, shekara guda kafin ya ci zinare a gasar Olamfik, amma fim ɗin Chariots of Fire na 1981 ya ba Harold Abrahams wannan nasara, kuma ba ma a Kambirij aka ɗauki wurin ba, a makarantar Eton ne. Miliyoyin da suka kalli fim ɗin sun riƙe abin da suka gani, ba abin da ya faru ba. Wani abin lura shi ne tarihin gaskiya na garin ya fi almararsa ban mamaki a wurare da dama, domin kan Oliver Cromwell, shugaban da ya rasu a 1658 aka tono gawarsa a 1661 aka sare, yana binne a kwalejin Sidney Sussex tun 1960, a wurin da aka ɓoye wa jama'a da gangan.

Sauyin da ya raunana tsohuwar ƙiriniya ya zo ne cikin 'yan shekaru kaɗan. A 1970 doka ta sauko da shekarun balaga a Ingila daga 21 zuwa 18, wanda ya sa kwaleji ta daina zama waliyyin ɗalibi, dokar rufe ƙofa ta yi ta sassautawa har ta gushe, kuma wanda aka ba mabuɗi ba shi da dalilin koyon hawan katanga. A 1972 kwalejojin King's da Clare da Churchill suka fara karɓar mata, Magdalene kuma ta zama ta ƙarshe a 1988. Dokar kiyaye lafiya da tsaro a wuraren aiki ta 1974 da abin da ya biyo bayanta sun ɗora wa hukumomi alhakin duk haɗarin da ya faru a harabarsu, saboda haka kawar da kai ya zama abu mai tsada. Sannan kuɗin makaranta, wanda aka fara da fam 1,000 a 1998 ya kai fam 9,000 a 2012, ya sa ɗalibi na kallon digirinsa a matsayin bashin da zai biya, ga kuma ƙaruwar 'ya'yan talakawa da na ƙasashen waje waɗanda kora a wurinsu rushewar rayuwa ce, ba hutun 'yan watanni a gidan uba ba. A ƙarshe kyamarorin tsaro da wayoyin hannu suka kashe sirri, wanda shi ne ran kowace ƙiriniya, domin abin da aka iya ɓoyewa shekaru 50 a zamanin Davey yanzu yakan bazu a intanet kafin gari ya waye.

Al'adar ba ta mutu murus ba, domin a ƙarshen 2009 an wayi gari da jajayen hulunan Kirsimeti a kan ƙololuwar hasumiyoyin majami'ar King's, sai da aka ɗauko ƙwararrun mahaya suka sauke su. Amma mafi yawan ƙarfin da a da ke tafiya a tsokana yanzu ya koma ga wasannin tara kuɗin sadaka da ƙungiyoyin ɗalibai ke shiryawa da izinin hukuma. Tsofaffin labaran kuwa sun koma bakin masu tura kwale-kwale da gora a kogin Cam, waɗanda ke ɗaukar 'yan yawon buɗe ido suna ba su labarin Newton da gadarsa, gaskiya da ƙanzon kurege a haɗe, domin labari mai daɗi shi ke kawo tukuici. Kwalejojin da a da ke korar mai hawan rufi su ne yanzu ke alfahari da motar 1958 a mujallun tsofaffin ɗalibansu.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma akwai abin da ya cancanci a yi kewarsa a Kambirij ta da, wato ƙarfin halin matashin da ya ɗauki ilimin aji ya gwada shi a kan abu na zahiri, da haƙurin malamin da ya iya bambance mai fasaha da mai ɓarna. Jami'ar da ta tsorata da kowane motsi na ɗalibanta har ta toshe duk wata kafar wasa tana iya yaye masu biyayya waɗanda ba su taɓa gwada wani abu da kansu ba. Sai dai ba daidai ba ne a yi kukan rashin wannan 'yanci a manta da waɗanda suka biya kuɗinsa, wato matan da aka hana digiri, da 'yan garin da aka tsare, da 'yan Afirkan da aka mai da abin dariya. Kambirij ta yau ta fi ta jiya adalci ko da ta rage ban mamaki, kuma adalci ya fi ban mamaki daraja. Abin da ya wajaba a kan masu kula da tarihin kowace tsohuwar jami'a shi ne su adana waɗannan labarai gaba ɗayansu, su ware tabbatacce daga ƙagagge, su mayar wa masu sana'a irin su Etheridge da Essex haƙƙinsu, kuma su koya wa ɗalibai cewa wasan da ya cancanci a tuna shi ne wanda ya nuna gwaninta, ya taɓa girman kan mai iko, bai kuma taka marar ƙarfi ba.